ZAMAN ƊALIBANMU A BIRNIN ALƘAHIRA

Sau da yawa in aka ce ɗan wane yana karatu a Masar, sai mutanen gida su zaci ya faɗa daula, ba shi da aiki sai cin daɗi da yawon buɗe ido. Alhali kuwa duk wanda ya zauna Alƙahira ya san ɗalibi a can yana fama da abu uku, watau harshe, da aljihu, da kewar gida.

Zuwa Masar neman ilmi ba yau mutanenmu suka fara shi ba. Tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka gina makaranta a can don ɗalibansu da alhazansu, daga baya kuma Barnawa suka sami sashe nasu a masallacin Azhar, wanda aka kammala cikin shekarar 972. A shekarar 1961 gwamnatin Masar ta sake tsarin Azhar, ta ƙara mata fannoni irin su likitanci da aikin injiniya.

Wahalar farko da baƙon ɗalibi yake gamuwa da ita ita ce ta harshe. Yaro ya bar gida ya sha nahawu, amma ranar da ya shiga kasuwa sai ya tarar Larabcin littafi daban, na titi daban. Mutanen Alƙahira ba su faɗin "jamal", sai "gamal", harafin ƙafun kuwa hadiye shi su kan yi. Kafin kunnensa ya saba, sai ya yi watanni yana ciniki da nuni.

Da an sallame sallar asuba harka ta fara. Karin kumallo ba ya wuce gurasa da dafaffen wake, wanda su ke kira "ful", sai shayi. Wanda ya sami gurbin Azhar ya kan zauna a unguwar ɗaliban ƙasashen waje da ke Abbasiyya, inda a ke ba shi ɗaki da abinci. Wanda kuwa iyayensa ke ɗauke da shi, sai ya haɗu da 'yan'uwa huɗu ko biyar su kama haya, su raba kuɗin gida, su riƙa girki bi da bi. Daga nan sai kokawar shiga bas, ko jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa da aka buɗe cikin 1987. Da la'asar masu himma su kan wuce masallacin Azhar, su zauna gaban malamai a ƙasa, karatu kyauta, tamkar na zaure.

Batun aljihu kuwa ya ƙara tsanani a 'yan shekarun nan. Darajar naira ta faɗi ƙwarai cikin 2023, a wannan shekara kuma yaƙin Sudan ya koro jama'a masu yawa zuwa Alƙahira, kuɗin haya ya tashi. A watan Maris na 2024 aka sake karya fam ɗin Masar, kayan masarufi suka ƙara tsada. Ga kuma sabunta takardar izinin zama, wadda ke cin kuɗi da kwanaki a layi. Saboda haka in wata ya yi nisa, shinkafa da taliya da a ke kira "koshari" ita ce rufin asiri.

To, duk da haka ɗalibi ba ya rasa ranar fita. Ran Juma'a bayan an sauko, wasu su kan ratsa kasuwar Khan Halili, su leƙa shagunan littattafai na bayan Azhar, wasu su haɗa kuɗi su hau kwalekwale a kogin Nilu. In an yi hutu sai a tafi Giza kallon dalar Fir'auna, wadda ta kai shekara 4,500 a tsaye. Babbar fita kuwa ita ce ta kasuwar baje kolin littattafai da a ke ci tun 1969, inda ɗalibi kan ƙarar da abin da ya daɗe yana tarawa. A irin wannan fita ce ya ke koyon harshen mutane da halinsu, abin da allo ba ya koyarwa.

Kewar gida ta fi tashi a lokacin sanyi da ranar salla. Shi ya sa in wani ya dawo daga gida da kuka da daddawa, sai ka ga ɗaki ya cika, an tuƙa tuwo, Bakano da Basakkwace da mutumin Damagaram hannu cikin akushi ɗaya.

Saboda haka muna jan hankalin iyaye da gwamnatocin jihohi masu tura yara, su riƙa aika guzuri a kan kari, gama karatu ba ya shiga da yunwa. Ɗalibai kuma su tuna abin da ya kai su. Allah ya maido mana da su lafiya da ilmi mai amfani, amin.