Sunan Gambo a Unguwar Briqueterie: Furuci, Jinsi da Yaɗuwa

1.0 Gabatarwa

Galibin sunayen Hausawa suna nuna jinsin mai su, kamar Tanko da Kande, ko Ɗanladi da Ladi. Gambo yana cikin 'yan kaɗan da namiji da mace suka yi tarayya a kansu. Wannan takarda za ta duba furucin sunan da nahawunsa da kuma halin da yake ciki a Briqueterie, unguwar Hausawa ta birnin Yawunde a ƙasar Kamaru, inda ake magana da Hausa a gida, amma ake rubuta takardun hukuma da Faransanci.

2.0 Asalin Sunan

Gambo laƙabi ne da ake yi wa wanda aka haifa bayan tagwaye, wato mai bi wa Hassan da Usaini ko Hassana da Usaina. Ba shi ne sunan yanka da ake raɗawa ranar suna ba. Tun da yake matsayin haihuwa yake nunawa, bai kula da jinsi ba. Misali, Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, 'yar gwagwarmayar jam'iyyar NEPU wadda ta rasu a 2001, sunanta na yanka Hajaratu. A ɓangaren maza akwai Muhammadu Gambo Jimeta, wanda ya zama Sufeto Janar na 'yan sandan Nijeriya a 1986.

3.0 Furuci

Sunan yana da gaɓa biyu: gam da bo. Gaɓar farko nannauya ce, domin ta ƙare da baƙin /m/, wanda ake haɗe leɓɓa sosai wajen furta shi. Gaɓa ta biyu tana da gajeren wasali. Karin sautin kuwa ƙasa-sama ne: Gàmbo.

A Briqueterie, unguwar da ta samo sunanta daga wurin yin bulo na zamanin mulkin mallaka, suna yakan bi ta ƙa'idar rubutun Faransanci kafin ya shiga takardar haihuwa ko rajistar makaranta. Ta haka ne Usmanu yake komawa Ousmanou, kamar yadda ake rubuta sunan shugaban ƙasar na farko, Ahmadu Ahijo, da Ahmadou Ahidjo. Gambo bai sauya harafi ko ɗaya ba, amma karatunsa ya sauya. A Faransanci, idan am ta zo kafin b, ba a furta /m/; wasalin ne ake fitarwa ta hanci. Haka kuma nauyin murya kan faɗa a gaɓar ƙarshe, alhali Faransanci ba shi da karin sauti mai bambanta ma'ana irin na Hausa. Saboda haka yaro kan ji sunansa iri biyu: ɗaya a bakin kakarsa, ɗaya a bakin malamin aji.

4.0 Jinsi a Cikin Jimla

Da yake sunan bai nuna jinsi ba, kalmomin da ke kewaye da shi ne suke ɗaukar wannan aiki:

(a) Gambo ne. / Gambo ce.
(b) Gambo ya dawo. / Gambo ta dawo.
(c) Gambo na Audu. / Gambo ta Audu.

Sai dai a lura da mahaɗin da ke liƙe. Ana cewa Gambon Audu ko da mace ake nufi, domin -r tana liƙewa ne ga sunayen mata masu ƙarewa da wasalin a kawai, kamar Hauwar Audu. Ɗalibai da yawa sukan yi tuntuɓe a nan.

5.0 Yaɗuwa da Raguwa

Gambo ba sunan yayi ba ne da iyaye za su zaɓa don ya yi musu daɗi. Sai an haifi tagwaye kafin a samu mai shi. Abin da ke sauyawa shi ne yawan kiran sa. A da, alkunya kan hana a ambaci sunan yankan yaro, musamman idan takwaran kaka ne ko suruki, sai laƙabi ya rufe sunan har tsufa. A biranen yau kuwa, takardar haihuwa da makaranta da katin shaida duk sunan da aka rubuta suka sani, kuma galibi sunan yanka ne. Idan ba a rubuta Gambo ba, yakan tsaya a tsakar gida, ya shuɗe tare da dattawan da ke kiran sa.

6.0 Kammalawa

An ga cewa Gambo suna ne mai ɗauke da tarihin ɗaki: wanda ya ji shi ya san akwai tagwaye a gaba. A wuri irin Briqueterie, rubuta shi kan kare shi daga ɓata, amma karatun Faransanci kan jirkita furucinsa. Aikin ɗalibin harshe shi ne ya ɗauki irin waɗannan sunaye daga bakin masu su, tare da tsawon wasali da karin sauti, kada ya dogara ga abin da ke kan takarda kaɗai.