YINI GUDA A KAN RUWAN TOMAS

Wani malamin labarin ƙasa a Ɗambatta ya ba mu labarin abin da ya same shi a aji. Yana koya wa yara darasin gaɓar teku, ya zo kan wani abu da Turawa ke kira fiyod, ya zana shi a allo, ya faɗi tsawonsa da zurfinsa, yara suka kwafa tsaf. Da ya ƙare sai ya tambaye su ko wa ya taɓa shiga jirgin ruwa. Duk ajin ba su fi uku ba da suka ɗaga hannu. Ga shi kuwa madatsar ruwa ta Tomas tana nan kudu da garin, ba wata tafiya mai nisa ba ce. Wannan magana ita ta sa muka shirya, mu bakwai, muka tafi muka yini a kan ruwan nan, don mu gani ko ya cancanci malami ya kai ɗalibansa, in kuwa ya cancanta, ta wace hanya.

MENE NE FIYOD?

Kafin mu shiga labarin tafiyarmu, ya kamata mu bayyana abin da malamin ya zana a allo. Fiyod wani dogon mashigin teku ne, siriri, mai zurfi, wanda ya kutsa cikin ƙasa tsakanin manyan duwatsu. Masana sun ce a zamanin da, ƙanƙara ta lulluɓe arewacin Turai, kaurinta ya wuce misali. Ƙanƙarar nan tana gangarowa a hankali cikin kwaruruka, tana nuƙe dutse tana kwashewa, kamar yadda garma ke yi wa ƙasa, har ta haƙa ramuka masu zurfin gaske. Da ta narke, shekaru wajen 10,000 da suka wuce, sai ruwan teku ya shigo ya cika su.

Ƙasar Norwe ita ce ta fi shahara da su. Mafi girma a can shi ne na Sogne, tsawonsa kilomita 205, watau ya fi nisan Kano zuwa Katsina, zurfinsa kuwa a wani wuri ya haura mita 1,300. Yana da wani reshe da ake kira Neroi, wanda a inda ya fi matsewa faɗinsa mita 250 ne kawai, ga duwatsu tsaye dama da hagu, ruwa na zubowa daga kansu. A shekarar 2005 hukumar UNESCO ta sanya Neroi da wani fiyod mai suna Gairanga cikin wuraren tarihi na duniya.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda mutanen ƙasar suka tsara kai baƙi kallo. Mutum ya tashi daga birnin Bargen da safe a jirgin ƙasa, ya sauka Mirdal a kan tudu, ya shiga wani jirgin da ke gangarawa kilomita 20 zuwa ƙauyen Filam a bakin ruwa. Daga nan jirgin ruwa ya ɗauke shi wajen sa'a biyu ta cikin Neroi zuwa Gudubangen, mota ta kai shi Bos, jirgin ƙasa ya komo da shi Bargen, duk a yini guda. Tun 2018 akwai jirgi mai aiki da lantarki a kan wannan hanya, yana ɗaukar mutum 400. To, ga abin lura: kowane jirgi an rubuta yawan mutanen da zai ɗauka, in tikiti ya ƙare ya ƙare, ko wane ne kai sai ka jira na gaba. Akwai rigar kariya ta kowa da kowa, watau rigar nan da ke hana mutum nutsewa, akwai kuma lokacin tashi da na isa.

NAMU RUWAN

Mu nan ƙasar Kano Allah bai ba mu teku ba, ƙanƙara kuma ba ta taɓa haƙa mana kwari ba. Manyan ruwayen da muke da su aikin hannu ne. Zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka tashi haiƙan wajen datse koguna don noman rani da ruwan sha. Aka yi Bagauda, aka yi Tiga wadda aka gama a 1974, aka ci gaba da yin wasu a cikin shekarun 1970, cikinsu har da Tomas ta wajen Ɗambatta da Watari ta Ɓagwai. Ashe ke nan kowane dattijo mai shekara sittin a ƙasar Ɗambatta ya girmi ruwan Tomas, ya san wurin tun yana gonaki da rafi.

Muka tashi daga Ɗambatta bayan sallar asuba, cikin kaka, an gama yankan gero, karan dawa na tsaye a gonaki. Wanda ya san wannan yanki ya san ba a tafiyar kirki ba a ga gida ko gona ba, ƙasa duk a nome take, sai ɗorawa da kuka da gawo jefi-jefi. Shi ya sa in mutum ya ɓullo kwatsam ya ga ruwa shimfiɗe iyakar ganinsa, sai ya tsaya tukuna. Ɗaya daga cikinmu, akawu ne, shekararsa goma yana wucewa ta hanyar Kano, bai taɓa ratsewa ya gani ba.

Tun kwana biyu kafin nan mun aika a nema mana jagora daga cikin masunta. Muka tarar da shi yana jiranmu, dattijo ne mai furfura, da ɗansa, da kwale-kwale biyu. Bayan gaisuwa sai akawun nan namu ya dubi babban kwale-kwalen ya ce, "Baba, ai wannan ya ishe mu duka, me zai sa mu biya kuɗin biyu?"

Dattijo bai yi musu ba. Ya ce mu shiga mu bakwai ɗin, jirgi na daure a gaɓa. Muka shiga. Ya ce wa akawu, "Malam, sa hannunka a gefe, ka auna tsakanin bakin jirgi da ruwa." Ya auna, bai kai yatsa huɗu ba. Dattijo ya ce, "To, nan gaɓa ce, ba iska, kowa kuma yana zaune. A tsakiya in iska ta taso, ko ɗayanku ya miƙe don ya ga tsuntsu, ina yatsun nan huɗu za su kai mu? Ku fito uku, Allah ya ba ku haƙuri." Muka fito uku muka koma jirgin ɗansa, ba wanda ya sake maganar kuɗi.

ABIN DA MUKA GANI

Da fari da gora mai tsawo ake tura jirgi, har ta daina taɓa ƙasa, sa'an nan aka koma filafili. Dattijo ya nuna mana wani layi da mu ba mu ga kome a kansa ba, ya ce nan ne tsohon kwarin kogi, nan ne ruwa ya fi zurfi, nan kuma manyan tarwaɗa suke kwanciya. Ya nuna inda kututturan itatuwa suke ƙarƙashin ruwa, waɗanda ke yaga koma su fasa jirgin wanda bai san hanya ba. Malamin labarin ƙasa ya fito da littafinsa ya shiga zane. Ya ce mana abin da ya yi shekaru yana faɗa wa yara game da kwarin da ruwa ya cinye, yau ga shi yana shawagi a kansa.

Muka wuce masunta suna ɗaga koma, karfasa na walƙiya a ciki. Muka ga zalɓe tsaye a ƙafa ɗaya, da balbelu bayan shanun Fulani da suka zo shan ruwa, da garken kirinjijiya da suka tashi da kukansu da muka matso. A gaɓa manoma sun fara gyaran fadamu don tumatir da albasa da alkama. Kayan miyan da ake lodawa a motoci da rani, ga inda wasunsu ke fitowa.

Muka ga abin da ba na daɗi ba kuma. Ciyawar kacalla ta cinye wasu gaɓoɓi, ta toshe hanyar jirgi, ta zama maɓoyar tsuntsayen da ke cin hatsi. Dattijo ya ce akwai wuraren da dā gorarsa ba ta taɓa ƙasa, yanzu tana taɓawa, domin kowace damina ruwa na kwaso yashi da laka daga gonaki yana zubawa ciki. Wannan darasi ne babba. Fiyod dutse ne, ya yi shekara dubbai yana nan. Madatsa kuwa tana da kwana, in an sare itatuwan bakinta, aka yi noma har gaɓa, kwananta zai ragu. Muka kuma ga yara suna wanka a ruwa maras zurfi inda ƙananan katantanwa suke, su ne kuwa ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, cutar nan ta fitsarin jini.

Da azahar muka sauka a wata gaɓa muka yi salla, muka ci soyayyen kifi da ƙuli-ƙuli da garin rogo. Muna so mu ƙara gaba, dattijo ya dubi sama ya ce a'a, a juya. Kafin mu kai rabin hanya iska ta taso daga gabas, ruwa ya fara dukan gefen jirgi yana fantsamo mana. Akawu ya riƙe katako da hannu biyu, bai ce uffan ba har muka taka ƙasa, la'asar da sauran rana. Da ya sauka ya kama hannun dattijo ya ce, "Baba, na gode, Allah ya ƙara girma."

ABIN DA BA ZA A MANTA BA

Ba don nishaɗi kaɗai muka kawo zancen yatsa huɗu ba. Ranar Talata 30 ga Nuwamba, 2021, da yamma, wani jirgi ya tashi daga ƙauyen Badau zai haye ruwan Watari zuwa Ɓagwai. Yawancin waɗanda ke ciki ɗaliban Islamiyya ne za su taron Mauludi. Jirgin ya kife. Kashegari an tabbatar da mutuwar aƙalla mutum 29, mafi yawansu yara. Abin da hukumomi suka faɗa shi ne an yi wa jirgin lodi fiye da ƙarfinsa. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Watari da Tomas irin ruwa ɗaya ne, jiragen ma irinsu ɗaya. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, watau NIWA, ta sha yin gargaɗi a kan lodi da tafiyar dare da rashin rigar kariya, amma gargaɗin da aka yi a Lakwaja ba ya tsayawa a bakin gaɓa ya ƙirga yara. Wanda ke tsaye a wurin shi ne zai ƙirga, sau da yawa kuwa malami ne.

Wani zai ce, in haka ne a bar yara a aji mana. Mu ba mu ga haka ba. Yaran nan za su shiga ruwa ko da mu ko ba mu, ranar biki ko ranar kasuwa. Gara su fara shiga tare da malamin da zai nuna musu yadda ake yi, su ga da idonsu an hana mutum shiga don jirgi ya cika.

SHAWARA GA MALAMAI DA AKAWUNA

Malamin da ke son kai ɗalibansa, ya fara samun iznin shugaban makaranta da na iyaye a rubuce, ya kuma sanar da dagaci da Sarkin Ruwa na wurin. Ya je shi kaɗai tukuna ya ga jirgi, ya ga mai tuƙi, ya ji daga bakinsa mutum nawa yake ɗauka, sa'an nan ya rage biyu. Ya rubuta sunayen yara, ya kira suna wajen shiga, ya kira wajen fita. Kowane jirgi da babba guda a ciki, kowane yaro da rigar kariya, in rigunan goma ne yara goma za su shiga, saura su jira a gaɓa a komo a ɗauke su. A tafi da safe, a fito kafin la'asar, kada a yi da damina lokacin hadari. Kada a bar yara su yi wanka ko su sha ruwan. A biya jagora hakkinsa cikakke, domin iliminsa ne aka je nema, ba ƙarfin damtsensa kaɗai ba.

Ku kuma akawuna da ma'aikatan ƙananan hukumomi, a hannunku takardun kasafi suke bi. Rigunan kariya ashirin da allo guda a bakin gaɓa, mai ɗauke da yawan mutanen da kowane jirgi zai ɗauka, ba su kai kuɗin walimar rana ɗaya ba. In aka rubuta jiragen da ke aiki a rajista, aka san masu su, aka ajiye rigunan a hannun Sarkin Ruwa, makarantun Ɗambatta da Makoɗa da kewaye duk za su amfana, masunta kuma su sami abin sayen goro daga baƙi.

Mutanen Norwe sun gaji duwatsunsu, amma ƙirga fasinja da ajiye riguna su suka koya wa kansu, wannan kuwa ba sai da teku ake yinsa ba. Malamin labarin ƙasa ya ce zai kai ajinsa bayan hutu, kashi-kashi, in an sami rigunan. Mun yi masa alkawari za mu buga labarin a wannan shafi, muna kuma roƙon sauran malamai da suka taɓa kai ɗalibansu Tiga ko Bagauda ko wani ruwa su rubuto mana yadda suka yi. Allah ya kiyaye mu da 'ya'yanmu, amin.