MURHUN MAGANAƊISU MAI TANDERUN TURURI: A DUBA GIDA KAFIN A DUBA KANTI

Daga Wakilinmu

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, tsadar rayuwa ta sa magidanta da yawa suka soma lissafin abin da girki yake ci musu a kowane wata. Kananzir ya fi ƙarfin talaka, iskar gas ta yi ta hawa da sauka, gawayi da itace kuwa kullum sai ƙara nisa suke yi. A cikin wannan hali ne manyan kantunan kayan lantarki na Abuja da Kano da Kaduna suke baje wani irin murhu mai shimfiɗar gilashi, wanda ba ya fitar da harshen wuta ko hayaƙi. Mafi tsada a cikinsu yana zuwa haɗe da tanderun da yake dafa abinci da tururi, kuma kuɗinsa yakan kai miliyoyin naira.

Wasu manyan ma'aikata sun fara sa shi cikin lissafinsu sa'ad da suke ƙarasa ginin gidan da za su zauna bayan ritaya, wasu iyaye kuma suna tunanin sa shi cikin kayan ɗakin 'ya'yansu. Da yake kuɗin da ake magana a kansa gumin shekaru ne, ya kamata mai saye ya san abin da zai ɗauko, domin ba a cinikin biri a sama.

YADDA YAKE AIKI

Asalin ilmin ya samo tushe ne daga binciken wani masani Baturen Ingila mai suna Michael Faraday, wanda ya gano a 1831 cewa idan ƙarfin maganaɗisu yana sauyawa kusa da ƙarfe, to, wutar lantarki takan gudana a cikin ƙarfen nan. A farkon shekarun 1970 kamfanin Westinghouse na Amurka ya fito da murhun gida mai aiki da wannan hikima, amma tsadarsa ta hana shi karɓuwa a lokacin, sai daga baya da kayan haɗa shi suka yi araha ya bazu a Turai da Asiya.

A ƙarƙashin gilashin akwai wayar tagulla da aka naɗe kamar faifai. Idan an kunna, wuta takan bi ta cikinta tana kai da komowa fiye da sau dubu 20 a daƙiƙa guda, sai wannan ya haifar da ƙarfin maganaɗisu wanda yake ratsa gilashin ya shiga gindin tukunya. Gindin tukunyar ne da kansa yake yin zafi, gilashin kuwa ba ya ɗaukar zafi sai wanda tukunyar ta ba shi. Saboda haka ne ake ƙiyasta cewa kimanin kashi 85 cikin 100 na wutar da aka biya yana shiga abinci, alhali a murhun gas abin da yake shiga bai cika wuce kashi 40 ba, sauran yana bin gefen tukunya ya dumama ɗakin girki. Duk uwargidan da ta taɓa tsayuwa gaban murhu a watan Afrilu ta san darajar wannan bambanci.

Akwai kuma batun lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda galibinta daga hayaƙin girki take, ta yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a 2020. Murhun da ba ya ƙona kome ya kuɓuta daga wannan illa. Sai dai likitocin zuciya suna ba wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya shawarar ya bar tazarar santimita 60 tsakanin ƙirjinsa da murhun idan yana aiki.

TAMBAYA TA FARKO: WUTAR GIDA

Kafin a je kanti, sai a fara duba takardar kuɗin wuta ko rasiɗin mita. Hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, watau NERC, ta kasa masu amfani da wuta rukuni biyar: rukunin A an yi musu alkawarin aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuwa awa 4. Magidancin da yake rukunin C zuwa ƙasa, wanda ba shi da tabbacin wuta za ta zo da asuba lokacin da ake haɗa wa yara karin kumallo, ya san amsarsa tun kafin ya fita daga gida. Ko wanda yake rukunin A bai kamata ya manta da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da lalacewar manyan layukan da suke kawo wuta Arewa ta jefa jihohi da dama cikin duhu fiye da mako guda.

Bayan yawan awoyi sai ƙarfin da murhun yake ja. Mai gurbi huɗu yakan ja har kilowat 7 da ɗoriya idan an kunna shi duka, in an haɗa da tanderu kuwa lissafin ya wuce kilowat 10, manyan masu faɗin santimita 90 ma sun fi haka. Soket ɗin bango na yau da kullum abin da yake iya ɗauka bai wuce kilowat 3 ba. Ashe ke nan dole a ja masa waya mai kauri tasa ta kansa tun daga akwatin rarraba wuta na gida, da makashin kariya daidai ƙarfinsa, da wayar ƙasa mai kyau. Wasu ma sai gidan da yake da wuta mai layi uku. Wannan aikin ƙwararren mai haɗa wuta ne, kuma ya fi sauƙi a yi shi tun ana gini, domin tun ran gini ake zane.

Janaretan da akasarin gidaje suke da shi, mai kilowat 2 ko 3, ba zai iya tayar da irin wannan murhu ba, haka kuma baturan hasken rana da aka tanada don fitilu da fanka da firji. Sa'an nan cikinsa cike yake da ƙananan kayan lantarki masu laushi irin na kwamfuta, waɗanda ba sa jimre wa wutar da take faɗuwa ƙasa da dare ta kuma dawo da ƙarfi ba zato. Kuɗin na'urar daidaita wuta mai girman da zai ɗauke shi wani lissafi ne na daban, kuma ba kasafai mai kanti yake ambatonsa ba. A kuma yi hattara da wanda aka yi domin kasuwar Amurka, domin tsarin wutarsu ya bambanta da namu mai bolt 230. Wanda aka yi wa Ingila ko sauran ƙasashen Turai shi ya fi dacewa da mu.

LISSAFIN KUƊI

Ga wata hanya mai sauƙi da kowane ɗalibi zai iya gwadawa. Kilo ɗaya na iskar gas yana ɗauke da ƙarfin da ya kusa yunit 13 na wutar lantarki, amma abin da yake isa tukunya kimanin yunit 5 ne. Murhun maganaɗisu yana bukatar kimanin yunit 6 kafin ya kai wannan zafi cikin tukunya. Watau kilo ɗaya na gas daidai yake da yunit 6, tukunyar gas mai kilo 12.5 kuwa daidai take da yunit 75.

A watan Afrilu na 2024 an ɗaga kuɗin yunit na rukunin A daga kimanin naira 68 zuwa naira 225, kafin ya koma naira 209.50 a watan Yulin shekarar. A kan wannan farashi na ƙarshe, yunit 6 ya kama naira 1,257, ban da haraji. Mai karatu sai ya ɗauki farashin yunit da yake biya a yau, ya ninka shi sau shida, ya kwatanta da abin da ake sayar masa da kilon gas a unguwarsu. Idan gas ya fi tsada, murhun lantarki ya rage masa kashe kuɗi. Idan sun yi kusa da juna, to, abin da zai saya shi ne tsabta da sauri da sanyin ɗakin girki, kada ya sa ran murhun zai mayar da kuɗinsa nan kusa.

TUKWANE DA TUWO

Murhun ba ya aiki sai da tukunyar da maganaɗisu yake kamawa. Tukwanen alminiyum da maƙeranmu suke zubawa, waɗanda suka cika ɗakunan girkinmu, ko an ɗora su ba za su yi ɗumi ba, haka nan tukunyar ƙasa da ta tagulla. Gwajin kuwa ba shi da wuya: a manna maganaɗisu a gindin tukunya, idan ya kama da ƙarfi za ta yi, idan ya faɗi ba za ta yi ba. Dole kuma gindin ya zama a shafe, domin mai zagayayyen gindi ba ta zama daram a kan gilashi. Saboda haka a sa kuɗin sababbin tukwane cikin lissafi.

Sai babbar jarrabawa, watau tuwo. Mai tuƙa tuwo takan danne tukunya ta juya muciya da ƙarfi, tukunyar tana motsi. Gilashin yana da ƙwari, amma idan ƙwayar yashi ta shiga ƙarƙashin tukunyar da ake gogawa sai ta karce shi, idan kuma aka doka tukunya mai nauyi a gefensa yana iya tsagewa, canza shi kuwa ba ƙaramin kuɗi ba ne. Da zarar an ɗaga tukunya zafi yakan tsaya nan take. A auna faɗin gindin tukunyar tuwon gidan da faɗin gurbi mafi girma, wanda a yawancinsu yakan kama daga santimita 21 zuwa 28, domin tukunyar da ta fi gurbinta girma tsakiyarta kaɗai take yin zafi sosai. Girkin suna da na biki kuwa har yanzu na tsakar gida ne.

A tambayi mai kanti ko gurabun nan duka suna iya aiki da cikakken ƙarfi a lokaci guda, domin a yawancinsu idan an ƙure wa ɗaya wuta sai ya rage ta maƙwabcinsa. A kuma gwada madannan da jiƙaƙƙen hannu. Masu aiki da shafawar yatsa sukan rikice idan ruwa ko miya ta zuba a kansu, shi ya sa wasu masu girki suka fi son mai maɓallin murɗawa.

TANDERUN TURURI

Dafa abinci da tururi tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Dambu da alkubus da alala da dashishi duk 'ya'yan madambaci ne. Abin da injiniyoyi suka ƙara shi ne haɗa tururi da iska mai zafi a akwati ɗaya, wanda kamfanin Rational na Jamus ya fito da shi a 1976 domin manyan gidajen abinci, daga baya aka yi na gida.

A nan ne ake yawan ruɗar mai saye, domin iri uku ne ake kira da suna ɗaya. Na farko tururi zalla yake yi, zafinsa ba ya wuce digiri 100, ya dace da kifi da ganye da alala amma ba ya gasa kome. Na biyu yana haɗa tururi da zafin da ya haura digiri 200, yana turarawa yana kuma gasawa, kaza ta fito bayanta ya yi ja cikinta bai bushe ba. Na uku tanderu ne na yau da kullum wanda yake fesa ɗan tururi jefi-jefi domin burodi ya tashi da kyau, kuma ba zai turara dambu ba. Da yawa daga murhunan da aka haɗa da tanderu a jiki ɗaya suna cikin iri na uku ne. Kada a dogara da abin da aka rubuta a kwali. A buɗe littafin da ya zo da shi a ga ko akwai tsarin tururi zalla a digiri 100.

Tanderun yana da ɗan tankin ruwa da ake cirowa a cika. Ruwan rijiyar burtsatse a wurare da yawa yana barin farin ɓawo irin wanda ake gani a cikin butar shayi, kuma wannan ɓawo yakan toshe bututun tururi idan ba a wanke shi a kai a kai da maganin da kamfanin ya tanada ba. A tabbata ana samun maganin a garin.

WA ZAI GYARA?

Risho ko murhun gas idan ya lalace, mai gyara yana bakin kasuwa. Wannan kuwa idan allon lantarkinsa ya ƙone, sai an samo irinsa sak daga kamfanin da ya yi shi. Ƙurar hunturu da kyankyasai suna shiga ta hanyar fankar da take sanyaya cikinsa, su ma sukan jawo lalacewa. Manyan sunaye irin su Miele da Bosch da Siemens da Smeg sun shahara a duniya, amma shahara ba ta gyara murhu. Abin tambaya shi ne ko kamfanin yana da wakili a ƙasar nan, a wane gari masu gyaransa suke, shekara nawa garantin zai yi, kuma ko ya haɗa da ɓarnar da hawa da saukar wuta ta jawo. A karɓi amsar a rubuce, tare da rasiɗi.

Ga wanda bai tabbata ba, akwai hanya mai sauƙin kuɗi. Ƙaramin murhun maganaɗisu mai gurbi ɗaya, wanda yake jan kimanin kilowat 2, yana shiga soket ɗin bango kuma bai fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci ba. A saya a yi wata uku ana girki da shi, ana duba mita, ana kuma lura da ranakun da wuta ta yanke ana tsakiyar miya. Abin da aka gani a wata ukun nan ya fi duk bayanin mai kanti. Wanda ya gamsu ya yanke shawarar sayen babban, to, ya bar wa murhun gas ko da mai gurbi biyu wurinsa a ɗakin girki, ya kuma ajiye tukunyar gas a cike, domin ba a fafe gora ranar tafiya.