Fumfuna a bango da buhu: Cutar da damina ke bari a gidajen Furfuri

Duk shekara idan marka ta kankama a watan Agusta, akwai wani wari da mazauna Furfuri da ke ƙaramar hukumar Bunguɗu suka sani. Ana buɗe ɗakin da ya kwana a rufe zai bugi hanci. Idan aka janye katifa ko akwati daga jikin bango, sai a tarar da baƙi-baƙi ko kore-kore ya lulluɓe wurin. Fumfuna ke nan. Haka lamarin yake a Tsafe da unguwannin Gusau, a ginin laka da na bulo.

Da yawa ba sa ɗaukar ta da muhimmanci. A goge da tsumma, ko a jira sallah a shafa fenti. Sai dai a 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji kan danshi da fumfuna a cikin gine-gine, inda ta danganta su da tari da ƙaiƙayin hanci da tsanantar asma. Ƙwayoyinta na yawo a iskar ɗaki, don haka ƙananan yara da tsofaffi da suka fi zama a ciki ne suka fi shaƙar su.

Ruwan daga ina yake?

A ƙasashe irin su Amurka, akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan. Suna auna danshin bango da na'ura kafin su taɓa komai, domin fumfuna ba ta tsirowa sai da ruwa. A nan kuwa, wannan aiki na duba-gari ne, wato jami'an tsaftar muhalli, tare da magini da kafinta.

Inda tabon ya fito shi ke nuna tushen matsalar. Idan a sama yake, kwano ne ya hude, ko indararo ya toshe, ko yaɓen soro ya tsage. Idan daga ƙasa ya taso yana kumbura fenti, ruwa ne ke hawowa daga tushen gini, musamman inda ba a shimfiɗa ledar hana danshi ba, ko kwata na kwance a gindin bango. Idan kuma a bayan kaya ne kawai, rashin iska ne.

Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce a busar da duk abin da ya jiƙe cikin awa 24 zuwa 48. Tabon da bai kai murabba'in mita ɗaya ba, mai gida na iya wanke shi da ruwan sabulu, ya sa safar hannu da takunkumi, taga a buɗe. Silin ko katifar da ta ci sai dai a zubar. Wanda ya wuce haka, a nemi ƙwararre. Fenti a kan jiƙaƙƙen bango asarar kuɗi ce.

Haɗarin da ke cikin buhu

Rashin tsaro ya sa wasu manoman Zamfara na gaggauta girbi, su kuma ajiye amfanin a ɗaki maimakon rumbu. Masara ko gyaɗar da ba ta gama bushewa ba na iya kama fumfunar da ke fitar da gubar aflatokzin. Dafuwa ba ta kashe wannan guba, kuma tana jawo kansar hanta. A 2004, gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya.

Cibiyar IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona don rage gubar. A gida kuwa, danshin masara kada ya wuce kashi 13 cikin 100. Gwajin mai sauƙi ne: a zuba busasshen gishiri da ƙwayar masara a busasshiyar kwalba, a girgiza. Idan gishirin ya manne a jiki, da sauran shanya.

A ɗora buhuna kan katako, nesa da bango. Ƙwayar da ta sauya launi a tsince ta, kada a ba kaji ko shanu, domin gubar na biyowa ta madara. Gyaran rufi da kwata kuma aikin rani ne, tun kafin hadarin farko ya haɗo.