Kafin ka haɗa kwamfutar wasa ta farko

Duk wanda ya ɗaura niyyar haɗa kwamfutar wasa mai ƙarfi a karon farko, ya fara yanke shawara a kan allon da zai riƙa kallo. Allon 4K yana ɗauke da ɗigon hoto sama da miliyan 8, na 1440p kuwa bai kai miliyan 4 ba. Wannan bambancin ne zai nuna maka irin katin hoton da kake bukata, wato GPU, kuma a kansa ya kamata kaso mafi tsoka na kuɗinka ya tafi.

A Janairun 2025 kamfanin Nvidia ya fitar da RTX 5090 a kan dala 1,999, da ma'ajiyar hoto mai 32GB. Ƙaninsa RTX 5080 ya fito a dala 999 da 16GB, sai AMD ta biyo da RX 9070 XT a dala 599, shi ma da 16GB. A ganina, mai allon 1440p da ya sayi 5090 almubazzaranci ya yi, don allonsa ba zai nuna masa amfanin kuɗin ba.

Furosesa ita ce ta biyu. Wasanni sun fi son wadda ke da babbar ma'ajiyar kusa da hannu, wato cache, shi ya sa Ryzen 7 9800X3D mai 96MB ta yi suna tun fitowarta a ƙarshen 2024. Amma ba kowace madabod za ta karɓe ta ba. Sai mai gurbin AM5, kuma AM5 ba ya aiki da tsohuwar RAM ta DDR4, sai DDR5. Sandunan RAM biyu masu 16GB kowace sun wadatar. Ka haɗa da SSD irin NVMe mai 2TB, tunda wasa ɗaya a yau yakan haura 100GB.

Inda sabon shiga ya fi yin tuntuɓe shi ne na'urar raba wuta, PSU. Mutum ya gama kashe kuɗi a kan kati da fitilu masu launi, sai ya zo nan ya nemi mai araha. Wallahi wannan abin yana ba ni takaici. RTX 5090 shi kaɗai yana iya jan wat 575, kuma Nvidia da kanta ta ba da shawarar PSU mai wat 1,000. Idan marar inganci ta ƙone, tana iya tafiya da madabod da katin gaba ɗaya. Ka kuma lura da wayar nan mai haƙori 16 da ke shiga katin: ka danna ta har ka ji ƙas, ka haska fitila ka tabbatar babu ratar da ta rage, kada kuma ka lanƙwasa ta daf da bakinta. An samu waɗanda tasu ta narke a kan RTX 4090 saboda ba ta zauna daidai ba.

Mu kuma a nan muna da namu ƙarin. Wutarmu tana hawa tana sauka, zafin Afrilu a Kano ko Maraɗi yakan wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fankoki. Don haka ka zaɓi akwati mai raga a gaba, da matatar ƙura da za ka iya zarewa ka kakkaɓe. Wasu katunan sun haura santimita 30, sai ka auna cikin akwatin kafin ka biya.

Ɗan'uwa, idan kuɗin sun gaza, ka sauko mataki ɗaya a katin hoto, ka sayi PSU ta ƙwarai da UPS, wato na'urar riƙe wuta idan an ɗauke, da zai iya ɗaukar nauyin injin.