Asali Da Sunan Asali: Al'ummomin Ƙasar Tambuwal Da Kebbe

Gabatarwa

Duk wanda ya nemi bayanin mazauna ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe a rubuce, abin da yakan tarar shi ne "Hausa-Fulani", daga nan sai a wuce zuwa maganar gero da albasa. Wannan bayani ba ƙarya ba ne, amma kuma bai ƙosar da mai nazari ba, domin ba sunan da mutanen suke kiran kansu da shi ba ne idan suna tsakaninsu. Manufar wannan maƙala ita ce a duba sunayen da al'ummomin wannan yanki suke amsawa, a ga inda suka samo asali, da kuma irin hattarar da ya kamata a yi kafin a ɗauke su a matsayin ƙabilu.

Ƙasar da ake magana a kanta ita ce ƙarshen jihar Sakkwato ta kudu. Tambuwal tana kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, tare da garuruwa irin su Dogon Daji da Jabo da Sanyinna. Kebbe tana kudu da ita, a kwarin gulbin Zamfara, kuma a cikinta ne ake samun Fakku da Kuci da Girkau da Margai. Ya kyautu mai karatu ya bambance Kebbe, wadda gari ce, da Kabi, tsohuwar daular Kanta, wadda Turawa suka rubuta "Kebbi". Rubutun boko ya sa ɗalibai da yawa suna cakuɗa su.

Ƙidaya

Ƙidayar 2006 ta ba Tambuwal mutum kimanin 225,000, Kebbe kuma kimanin 124,000. To, amma fa ƙidayar 1991 da ta 2006 duk ba su tambayi ƙabila ko addini ba, da gangan aka cire su saboda rikicin da suka jawo a baya. Ta 1973 kuwa soke ta aka yi a 1975. Ƙidayoyin da suka tambayi ƙabila su ne na 1952-53 da 1963, lokacin da babu ko ɗaya daga cikin waɗannan ƙananan hukumomi. Ke nan duk wanda ya ce kashi kaza cikin ɗari na mutanen Kebbe Fulani ne, ko Hausawa ne, ƙiyasinsa ya faɗa, ba lissafin hukuma ba. Abin da ya rage wa mai bincike shi ne harshe da tarihi.

Sunaye masu ɗafin -awa

A Hausa, ana gina sunan mutumin wata al'umma da ɗafin ba- a farko, jam'insa kuma da -awa a ƙarshe: Bakabe, Kabawa, Bazamfare, Zamfarawa, Bagobiri, Gobirawa, Ba'are, Arawa, Ba'adare, Adarawa. Da yake siffar iri ɗaya ce, sai a ɗauka ma'anar ma iri ɗaya ce. Ba haka abin yake ba. Wannan ɗafi bai damu da jini ba. Abin da yake cewa kawai shi ne "mutanen kaza", kuma "kaza" ɗin na iya zama daula, ko ƙasa, ko gari, ko sana'a.

Mafi tsufa a wannan yanki su ne sunayen daula. Kafin jihadi, ƙasar nan tana tsakanin Kabi daga yamma da Zamfara daga gabas. Kabi ta kafu a farkon ƙarni na 16 a hannun Muhammadu Kanta, da hedkwatarta a Surame. Zamfara kuwa ta karye wajen 1760 zuwa 1764, lokacin da Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, Gobirawa suka gina Alƙalawa, gidan sarautar Zamfara ya yi ta ƙaura har ya zauna a Anka. Bakabe, a asalin ma'anarsa, talakan Sarkin Kabi ne, Bazamfare kuma na Sarkin Zamfara. Wani abin lura shi ne, labarin Bayajida ya sanya Kabi da Zamfara duk a cikin Banza Bakwai. Watau mutanen da yau ake rubutawa "Hausa" ba tare da wani tunani ba, su ne waɗanda wancan labari ya ajiye a bakin ƙofa, alhali kuwa ba su da wani harshe sai Hausa.

Misalin da ya fi kowane fito da wannan batu fili shi ne na Gimbanawa, maƙwabtan Tambuwal da Kebbe ta wajen Jega. Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Ba'are ne. Ya yi ƙaura da jama'arsa zuwa Gimbana don guje wa Gobir, kuma harin da rundunar Yunfa ta kai wa garin a ƙarshen 1803 yana cikin abubuwan da suka kunna wutar jihadi. Bayan ya saɓa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello aka ci garinsa Kware a 1818, ɗansa Buhari ya kafa Jega wajen 1820. Jama'ar nan ba gida ɗaya suka fito ba, malami ɗaya suka bi, gari ɗaya suka zauna na 'yan shekaru. Amma yau Bagimbane asali ne da ake gada daga uba, kamar Bakabe. Idan al'umma tana iya haihuwa a cikin shekaru ashirin, a gaban idon marubuta tarihi, to me zai hana mu zaci cewa waɗanda suka girme ta su ma haka suka faro?

Sarkawa kuma, masuntan gulbin Kabi da rassansa, sunansu na sana'a ne da ya koma na asali. Wasu masana suna danganta kalmar da Sorko, masuntan Sanwai.

Fulani iri biyu

Tambuwal ta zamanin nan ribaɗi ce da Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna, don tsare kudu maso yammacin Sakkwato. (Wannan Buhari daban, Buharin Jega daban, sau da yawa ana rikita su a takardun ɗalibai.) Zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Tambuwal da ta Dogon Daji, kuma daga nan ne Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi ya fito, wanda ya yi sarauta daga 1988 zuwa 1996, na farko daga gidan Buhari. Waɗannan Toronkawa ne, kuma sunan nasu ma na wuri ne, watau Futa Toro ta ƙasar Senegal.

Murray Last, a littafinsa na 1967 kan daular Sakkwato, ya bayyana manufar Bello ta zaunar da Fulani makiyaya a ribaɗai. Ribaɗi kuwa ba ya cika da gida ɗaya. Akwai malamai da mayaƙa, akwai talakawan da aka tarar, akwai bayin da aka kamo daga wurare masu nisa. Bayan dokar Turawa da ta 'yanta duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901, da wadda ta soke bauta gaba ɗaya a 1936, jikokin bayi da yawa sun ci gaba da amsa sunan gidan da suka tashi a ciki. Ga kuma ƙwarƙwarori, waɗanda 'ya'yansu suke bin asalin uba. Saboda haka Bafillacen gari a Tambuwal Hausa ce harshensa na gida, kuma Sakkwatanci ne: "shina zuwa", "munka tahi", "hwara" maimakon "fara". Bafillacen ruga a dajin Kebbe kuwa Fulatanci yake yi da iyalinsa, Hausa sai a kasuwa. Sunan da ya haɗa su ɗaya ne, amma ta fuskar harshe da sana'a da auratayya, na farkon ya fi kusa da maƙwabcinsa Bazamfare. A nan ne kalmar "Hausa-Fulani" take da ɗan amfani, ga mutanen gari. Da zarar an shimfiɗa ta ta rufe makiyayi da manomi baki ɗaya, sai ta ɓoye ainihin bambancin da rikicin gona da burtali yake tafiya a kansa. Haka nan masu raba jama'ar gida biyu cak, tun da ta'addancin 'yan bindiga ya tsananta a Zamfara da Sakkwato bayan 2011, ba su da inda za su ajiye mutumin da kakansa na wajen uba Batoranke ne, kakarsa Bakaba.

Tarkon sunan sarauta

Mai bincike yakan so ya karanta asalin gari daga sunan sarautarsa. Wani lokaci hakan yana yiwuwa: Sarkin Burmin Jabo, kamar takwaransa na Bakura, yana ɗauke da sunan Burmawa. Amma Sarkin Kabin Yabo, arewa da Tambuwal, jikan Muhammadu Moyijo ne, shugaban Fulanin Kabi a zamanin jihadi. Sarkin Gobir na Gwadabawa da na Isa jikokin Shehu ne. Sarkin Zamfara biyu ne: na Anka daga tsohon gidan Zamfarawa, na Zurmi daga Fulani. Irin wannan laƙabi ƙasar da aka ci ko ake da'awa yake nunawa, ba jinin mai riƙe da shi ba.

Shaidun da suka fi wannan aminci su ne waɗanda ba a rubuta ba. Akwai wasan taubasantaka: Bakabe da Bakatsine, Bagobiri da Bayarabe, Bafillace da Babarbare, wanda mutum yake tsokana ba tare da an yi fushi ba yakan nuna gidan da yake ganin ya fito. Akwai sunayen shiyyoyi a cikin gari, da amsar tambayar "daga ina kakanninku suka taso?", wadda dattijon Fakku ko Kuci zai fi sakin jiki ya amsa a kan "wace ƙabila ce ku?". Akwai kuma tsagar fuska, wadda dā ita ce takardar shaidar asali, kamar ta Gobirawa mai shida a kunci ɗaya bakwai a ɗayan. Wannan ta ƙarshe tana gushewa: iyaye sun rage yi wa 'ya'yansu, dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ma ta hana. Waɗanda suka fi sanin wace tsaga ce ta wane gida a kowane ƙauye su ne tsofaffin wanzamai, domin su suka yi ta, kuma su ya kamata ɗalibin da zai shiga wannan fage ya fara nema.