A Koya Maka Aiki, Kuma a Biya Ka?

A Azarori, saurayi in ya ce zai tafi bida, an san hanyoyinsa: Kano, Abijan ko Libiya, bayan an kwashe gero. Yanzu wata hanya ta ƙaru a bakin yaran da suka yi lakkol a Madawa, wai akwai kamfanonin da ke koya wa mutum rubuta manhajar kwamfuta, su biya shi albashi yana koyo, sannan su nema masa aiki. Iyaye da yawa da na ji suna zancen sun ɗauka damfara ce. Ba damfara ba ce, amma ba sadaka ba ce.

Wanda ya yi suna a wannan harka shi ne Andela, da aka kafa a Legas a 2014. A shekarun farko, dubbai ke nema, ba a ɗaukar ko ɗaya cikin ɗari. Wanda ya tsallake sai ya yi wajen wata shida ana horar da shi, ya sa hannu a yarjejeniyar shekara huɗu. Daga nan yana zaune a Legas ko Nairobi, aikinsa yana Amurka. Kamfanin can ya biya Andela, Andela ta cire rabonta, ta ba yaro nasa. Tamkar yaron gareji ne: maigida ke karɓar kuɗin gyara, shi ya samu na abinci da sana'a a hannu. Har gidauniyar Mark Zuckerberg, mai Facebook, ta jagoranci zuba dala miliyan 24 a ciki a 2016.

Aikin kansa ba wasa ba ne. Da hantsi mutum ya buɗe kwamfuta, ya tarar an dawo masa da abin da ya rubuta jiya, babba ya bi layi-layi ya nuna kurakurai. Da la'asar, lokacin da Amurkawa ke tashi barci, a yi taro ta bidiyo, kowa ya faɗi inda ya tsaya, da Turancin Ingilishi. Nan ne ɗanmu da ya yi karatu da Faransanci yake fara yin gumi. Ga kuran da ke ɗaukewa, ga rezo da sai ka fita waje kana ɗaga waya.

A watan Satumba na 2019 Andela ta sallami ƙananan ma'aikata kusan 400 a Nijeriya da Kenya da Yuganda, don masu saye sun koma neman ƙwararru kawai. Wasu makarantun da suka biyo baya sun juya lissafin: koyi yanzu, ka biya in ka samu aiki. Wannan bashi ne, ko da wane suna aka kira shi.

A gida Nijar akwai makarantar Codeloccol a Sadore, kusa da Yamai. Ko can yaro ya nufa ko Legas, ni dai kafin a sayar da buhun albasa a yi masa guzuri, sai a kawo takardar a karanta: wa ke biyan wa, shekara nawa, kuma in aikin bai samu ba, bashin a wuyan wa yake?